Awara mai yaji a kan gasasshen biredi, tun daga wake har faranti

Ni dai tun da ƙwai ya fara wannan tsadar tasa na haƙura da yi wa yara biredi da ƙwai kullum da safe, gaskiya aljihu bai ɗauka. Kuma ranar da na fara wannan haɗin ba wani shiri na yi ba, awara ce ta kwana mana guda biyar a roba, ga biredi ya fara bushewa, ga yara sun saka yunifom suna jiran karin kumallo, sai kawai na marmashe ta da hannu na soya da albasa da attaruhu na zuba a kan biredin da na gasa a kasko. Babbansu ya cinye ya suɗe yatsa yana tambayata wai Umma wannan wane irin ƙwai ne. Tun daga nan nake ta gyara abun, yau a ƙara wannan gobe a rage wancan, har ya tsaya a yadda zan faɗa miki yanzu. Ba nama a ciki, ba kifi, ba ƙwai. Gwauraye da 'yan hostel ku ma ku matso, duk inda na ce ki ku ɗauka da ku nake.

Awarar nan da muke gani kamar ta ƙofar gida ce kawai, ita ce fa wadda Turawa da mutanen Japan ke ce wa tofu, asalinta daga ƙasar Sin ne kuma sun fi shekara 1000 suna yinta. Su da wani gishiri na ma'adini ko na ruwan teku suke tsinka madarar, mu kuma da ruwan tsami, shi yasa tamu take da ɗan tsami-tsamin nan kuma ta fi tauri. Taurin nan shi muke so a wannan girkin. In kin taɓa ganin wata fara sul mai laushi kamar kindirmo a manyan kantuna, to kar ki ɓata kuɗinki a kanta don wannan aikin, tana shiga kasko za ta koma kunu.

Abu ɗaya nake so ki riƙe kafin mu shiga kicin: ruwa shi ne abokin gabar wannan abincin. Awara ruwa ne fal a cikinta kuma ita kanta lami ce, in ba ki fitar da ruwan ba yaji ba zai samu wurin shiga ba, sannan ruwan nan shi zai sauka a kan biredi ya jiƙa shi ya zama kamar wanda aka tsoma a shayi aka manta. Duk wani mataki da za ki gani a ƙasa, danne awara ne, soya ta ita kaɗai ne, gasa biredi ne, duk yaƙi da ruwa ne.

Inda za ki samu awarar

Hanya mafi sauƙi ki aika wajen mai awarar unguwarku tun da rana kafin ta ɗora mai, ki ce a baki ɗanya wadda ba a soya ba. Yawancinsu suna bayarwa, kuma sau da yawa an riga an saka mata gishiri da jajjage tun a wajen haɗi, don haka ki gutsura ki ɗanɗana kafin ki ƙara komai. In soyayyiya kika samu ma babu laifi, za ta yi, sai dai ta riga ta sha mai, ki rage naki man sosai. In kin samu ta saye to ki tsallake zuwa wajen kayan haɗi. In kuma kina so ki yi taki da hannunki, wanda ni shi na fi so don na san ruwan da aka yi da shi, ga yadda ake yi.

Ki auni waken suya gwangwanin madara 4, ki tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, ki wanke ki jiƙa shi da ruwa mai yawa don zai kumbura ya ninka. Awa 6 zuwa 8 ya isa. Lokacin hunturu za ki iya barinsa ya kwana, amma da zafin watan Afrilu kar ki kuskura, kafin asuba ya fara kumfa yana tsami kuma madararsa za ta tsinke tun kafin ki shirya. Yadda za ki gane ya jiƙu, ki murje ƙwaya ɗaya da yatsa, in ta rabe biyu ba gardama kuma cikinta ba wani tauri a tsakiya to ya yi. Ki murza shi a cikin ruwa ɓawon ya taso ki tsiyaye, ba dole sai duka ya fita ba.

Sai markaɗe. In inji za ki kai, dan Allah ki tsaya a kai ko ki ja wa yaron da kika aika kunne a wanke injin, don in an gama markaɗa tumatir ko gero mai tsami aka zuba naki a kai to an riga an saka miki tsami tun daga can. In blanda ce ki yi kaɗan-kaɗan da ruwa har ya yi laushi sosai. Wasu na ɗiga manja cokali ɗaya a markaɗen don ya kwantar da kumfa ya sauƙaƙa tata, yana aiki kuma yana ba awarar ɗan kala. Ki ƙara ruwa ki tace da ƙyallen tatar koko, ki matse da ƙarfi, ki sake zuba ruwa a dusar ki matse karo na biyu. Gaba ɗaya madarar kar ta wuce lita 3 zuwa 4 a wannan awon, in ta cika tsinkewa awarar ba ta haɗuwa da kyau. Dusar kar ki zubar, awaki da kaji na so.

Ki zuba a tukunya babba wadda madarar ba za ta wuce rabinta ba. Wannan da gaske nake. Ni ranar farko na ɗora a tukunya madaidaiciya na juya baya ina amsa waya, wallahi kafin in ce wa'alaikumussalam ta taso ta kashe min risho ta malale ƙasa har ƙarƙashin kabad, rabin wahalata ta tafi a tsumma. Madarar waken suya ba ta gargaɗi, shiru za ki ji sai kawai ki ga kumfa a bakin tukunya. Ki tsaya a kanta kina juyawa har ƙasa don kar ta kama, in ta tafasa ki rage wuta ki barta tana ɗan ɓararraka kamar minti 10. Kar ki yi gaggawar wannan, ɗanyen waken suya yana da abubuwan da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata kuma dahuwa ce ke kashe su, ita ce kuma ke rage ƙarnin waken.

Yanzu wajen da ake gane gwana. Ruwan tsami shi ne ruwan da ya kwanta a saman gasara ko kamu ya kwana biyu ko uku ya yi tsami, in ba ki da shi ki jiƙa tsamiya ki tace, ko ki matse lemun tsami kamar 4 zuwa 5 a kofi ɗaya na ruwa. Wasu na saka alif, ni dai ba na so don yana barin wani bauri a harshe. Ki rage wuta can ƙasa, ki ɗibi ruwan tsamin da ludayi ki zagaya da shi a saman madarar, ki juya sau ɗaya a hankali ki tsaya ki jira. Za ki ga ta fara yin gudaji-gudaji. Ki ƙara wani ludayin ki sake jira. Da zarar farin ya dunƙule ya taso sama, ruwan da ke ƙasa kuma ya washe ya koma garai-garai mai ɗan ruwan ɗorawa, to ki tsaya haka. In ruwan har yanzu fari ne kamar madara tsamin bai isa ba. In kika antaya shi gaba ɗaya lokaci guda kuma, awarar za ta fito da tsami tana wargajewa kamar tsaki.

Ki shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kwando ki kwashe da matsami ki zuba, ki barbaɗa gishiri kaɗan ki cakuɗa, ki ɗaure tamau ki ɗora abu mai nauyi, turmi ko dutsen niƙa ko bokiti cike da ruwa. Awa 1 zuwa 2. Wadda za a yanka a soya ta talla wani lokaci ana barinta da ɗan laushi, amma wannan tamu ki barta ta tsane har in kin danna da yatsa ba ruwan da ke fitowa.

Kayan haɗi na mutum 3 zuwa 4

Ɗanyar awara kamar rabin kilo, wato dunƙule biyu cike da tafin hannu. Biredi yanka 6 zuwa 8. Albasa babba 1, attaruhu 2 ko 3 gwargwadon yadda gidanku ke cin yaji, tattasai ja 1, tumatir 2 masu tauri, tafarnuwa ƙwaya 3, ɗanyar citta kamar kan babban yatsa. Kurkum rabin ƙaramin cokali, kori da tayim ɗan kaɗan, masoro in akwai, dakakkiyar daddawa ƙaramin cokali 1, gishiri. Man gyaɗa cokali 3 zuwa 4 na cin abinci. Lawashi, ɓarin lemun tsami, sai yajin ƙuli na barbaɗawa a ƙarshe.

Maganar dunƙulen ɗanɗano, in don tsadar nama kawai kike yi to ki jefa abinki. Amma in baƙo gareki wanda da gaske ba ya cin nama, ko maƙwabciya Kirista da ke ƙaurace wa nama ranar Juma'a a lokacin azuminsu, ki duba takardar, wasu dunƙulen na kaza ne ko na naman sa ko na kifi. Daddawa ta wadatar, ita ce ma ke ba abun wannan ɗanɗanon mai nauyi da mutum zai rantse akwai nama.

Soya awarar

In ta saye ce ki naɗe ta a tsumma mai tsabta ki ɗora faranti da wani abu mai nauyi a kai minti 15 tukuna, za ki sha mamakin ruwan da zai fita. Sai ki marmashe da hannu, ba da wuƙa ba, kuma ba a blanda ba. Ki barta manya da ƙanana, wasu kamar ƙwayar gyaɗa wasu kamar gurjiya, gefunan nan marasa tsari su ne ke soyuwa su yi ƙamas-ƙamas su kuma riƙe yaji. Ki barbaɗa kurkum da ɗan gishiri ki cakuɗa. Kurkum ɗin kar ya wuce rabin cokalin nan, kala muke nema irin ta ƙwai, in ya yi yawa ɗaci yake.

Ki ɗora kasko mai faɗi, ki zuba mai cokali 2, ki bari ya yi zafi sosai, in kin jefa ɗan guntu ki ji ya yi cuuu nan take. Ki zuba awarar ki baza ta ta kwanta a ƙasan kaskon, sannan ki cire hannunki. Nan ne mutane da yawa ke ɓata abun, ana zubawa an fara juyawa kamar ana tuƙa tuwo, sai ta saki ruwa ta kama kasko ta dagargaje. Ki ƙyale ta minti 3 cur har ƙasan ya yi ja, da kanta za ta saki kaskon, sai ki juya ki sake bata minti 3 ko 4. In kaskonki ƙarami ne ki yi kashi biyu, in kika cika shi turara za ta yi ba soyuwa ba. In ta yi ja ta ko'ina ki kwashe a faranti.

Haɗin yajin

A wannan kaskon dai, kar ki wanke, ƙanzon da ya manne a ƙasa daɗi ne. Ki ƙara sauran man ki zuba albasa yankakkiya sirara, ki soya har ta yi laushi gefenta ya fara ja, kamar minti 4. Ki jajjaga attaruhu da tafarnuwa da citta a turmi, jajjage nake nufi mai gara-gara ba markaɗe ba, ki zuba ki juya minti 1 kawai don tafarnuwa in ta ƙone ta gama da girkin. Ki buɗe taga, attaruhu a mai mai zafi sai ya sa duk gidan tari har mai gida ya leƙo yana tambayar lafiya.

Sai daddawa da kori da tayim da masoro, ki juya su ji mai. Tumatir ki yanka ki matse 'ya'yan da ruwan cikin ki ajiye don miyar rana, naman kawai za ki yanka ƙanana ki zuba tare da tattasai. Ki bar su su soyu har ki ga mai ya fara fitowa a gefe kuma in kin ja cokali a tsakiyar kaskon hanyar ba ta rufewa da ruwa. Wannan ita ce alamar, ba agogo ba, don tumatirin damina ya fi na rani ruwa nesa ba kusa ba.

Ki dawo da awarar ciki ki juya a hankali kowane gutsure ya samu rabonsa. In kin ga ya bushe da yawa har yana neman kamawa ki yayyafa ruwa cokali 2, ba fiye ba, ki barshi minti 2 a wuta kaɗan. Ki ɗanɗana gishiri. Ki kashe wuta sannan ki watsa lawashi ki matsa lemun tsami kaɗan, amma in awararki dama mai tsami ce ki bar lemun. In kina son ganye, alayyahu yankakke hannu ɗaya ko dafaffen zogale da aka matse sosai suna shiga, a minti biyun ƙarshe za ki saka. Kabeji da karas kuma ni na fi son su ɗanye a gefe.

Biredin

Biredin da ya kwana ya fi sabo a nan. Sabon nan mai laushi da ake dannawa ya koma kamar katifa in kika ɗora masa abu mai zafi lotsewa yake. In dunƙulalle ne ki yanka da kauri kamar faɗin babban yatsanki, in yankakke ne na leda to shikenan. Mai tosta da wutar NEPA ta saka abinta. Mu sauran kuma busasshen kasko a wuta madaidaiciya, ki shafa bota ko ɗan man gyaɗa siriri a fuska ɗaya, ki kwantar ki danna da bayan cokali, minti 1 zuwa 2 kowane gefe har ya yi ruwan zuma, in kin ƙwanƙwasa da farce ki ji yana amsawa. A kan gawayi ma yana yi in kina da ragar gashi, har ya fi ƙamshi, sai dai biredinmu akwai suga shi yasa yake saurin ƙonewa, kar ki matsa ko nan da can.

Wata 'yar dabara, yana sauka da zafinsa ki raba tafarnuwa biyu ki goga a fuskarsa sau biyu ko uku, gasasshen biredin zai kankare ta kamar greta. Kuma kar ki jera su ɗaya kan ɗaya ko ki rufe a kula, tururi zai mayar da su yadda suke, ki jingina su a tsaye a gefen faranti su sha iska.

Ki lura da lokaci, biredin shi ne na ƙarshe. Ni sai na dawo da awara cikin yaji nake ɗora kaskon biredi a ɗaya kan risho, su sauka tare. In murhu ɗaya gareki ki gama awarar ki rufe ta rabi, ki gasa biredin, ba za ta huce ba.

Ki ɗora cokali 2 ko 3 a kan kowane yanka ki baza har gefe, ki barbaɗa yajin ƙuli, in akwai tumatir ko kokwamba ki yanka a kai. A ci nan take, wannan ba abincin da ake zubawa a ajiye wa wanda ya tafi kasuwa bane. In yara za su tafi da shi makaranta ki zuba awarar a 'yar roba daban biredin a leda daban su haɗa da kansu lokacin tara, na gwada haɗa musu tun daga gida sau ɗaya aka dawo min da shi a jaka ya zama ɗan wake. Nasu kuma ki ɗebe kafin ki saka attaruhu, ko ki yi da tattasai zalla ki bar manya su ƙara yaji a faranti.

In abun bai fito daidai ba, yawanci ɗaya daga cikin ukun nan ne. Ya yi ruwa, to ba ki danne awarar ba ko kin zuba tumatir da ruwansa, ki mayar wuta ba murfi ya tsotse. Ya yi lami duk da kin saka komai, gishiri ne bai shiga awarar ba tun farko, shi yasa na ce ki barbaɗa mata tun tana ɗanya. Ya yi tsami, ruwan tsami ya yi yawa a wajen haɗi, gaba in kin ji haka ki yanka ta ki jiƙa a ruwan zafi mai gishiri minti 10 ki matse kafin ki marmashe.

Ragowar ɗanyar awara ki saka a roba ki zuba ruwa ya sha kanta ki sa a firji kina canza ruwan kullum, za ta kai kwana 3. In wutarku irin tamu ce da ake kawowa a ɗauke kafin caji ya cika, gara ki soya ta duka a ranar ki ɗumama da safe. Wadda ta samu firiza mai ƙanƙara kuma ta gwada daskarar da ita, in ta narke aka matse tana komawa kamar soso mai ƙananan ramuka, tana shan yaji fiye da sabuwa kuma tana da ɗan jan haƙori kamar nama. Haɗin da ya rage a kasko kuwa ni cikin taliyar yara nake juye shi da rana, ko in tura shi a tsakiyar gurasa in ɗiga man ƙuli in ci da baƙin shayi mai citta da kanumfari.